Jinin Ɗana Ba Ya Tsayawa, Kuma Ina Zargin Inna Ta Daɗe da Sani

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su, don na san 'yan Dutsin-Ma da Kurfi sun yi yawa a nan. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, domin maganar ta shafi mahaifiyata, kuma ni kaina ba na jin daɗin abin da zuciyata take raya mini a kanta.

Ni 'yar Tamawa ce, aure ya kawo ni Dutsin-Ma. Mijina malamin Islamiyya ne, gidansu gidan malamai ne tun kakanni, irin gidan da ko tuntuɓe ka yi ka ce wani abu ne ya ture ka sai an zaunar da kai an yi maka wa'azi. Mu uku Inna ta raya, duk mata, ni ce babba, sai Bilki, sai Auta. Mun tashi mun ji cewa Inna ta haifi maza biyu kafin ni, duk sun rasu suna ƙanana, kuma idan muka tambaya amsar ɗaya ce, zazzaɓi. Akwai kuma wata doka a dangin su Inna da muka tashi muna ji muna dariya, wai aska ba ta hawa jikin ɗan da mace ta gidan ta haifa. Ba a cire masa beli, ba a yi masa tsaga, kaciya ma sai an ja ta an ja. Dalilin da ake ba mu shi ne wai wata kakarmu ce ta yi alkawari da mutanen ɓoye a gindin tsamiya. Ni da na yi boko na yi Islamiyya, na ɗauki wannan a matsayin canfin tsofaffi, ban taɓa zama na yi tunani a kai ba.

Haihuwata biyu na farko mata ne, wanzami ya zo ranar suna ya yi musu aski ya cire beli, Inna tana zaune tana cin goronta, ko tari ba ta yi ba. Da na haifi namiji, wanda zan kira Abba a nan, labari ya canza. Matar da sai an lallaɓa ta take hawa mota, sai ga ta a bayan babur tun daga Tamawa, ko mayafinta ba ta yafa daidai ba. Ta je har zaure ta durƙusa wa surukina tana roƙon kada a taɓa yaron da aska. Ya ce ta faɗi dalili, ta ce gadon gidansu ne, ya ce shi bai san wannan a littafi ba. Allah ya taimake mu mijina da ma ba ya son cire beli, ya ji ma'aikatan lafiya suna hanawa, sai aka yi aski kawai aka tashi. A zuwan nan ne Inna ta ba ni wasu 'yan tsummokara guda biyu, ɗinkakku da auduga a ciki kamar ƙananan matasai, da igiyar ɗaurewa, ta ce idan ya fara rarrafe in riƙa ɗaura masa a gwiwa saboda sumunti. Tsofaffi ne, atamfar ta koɗe har zanenta ba ya fita. Na yi dariya na ce Inna ina kika tono waɗannan, ta ce in dai riƙa ɗaura masa.

Ban ɗaura ba sai da na ga abin da ya ba ni tsoro. Yaro yana rarrafe gwiwoyinsa suna yin baƙi, ka ɗauke shi ta hammata wurin ya yi tabo, ya ɗan bugu da ƙofa goshi ya tashi kamar ƙwai. Maƙwabta suka ce mayu, wasu suka ce in bincika ko yayyensa suna mintsininsa. Duk lokacin da Inna ta zo, idonta a kan yaron yake. Ta gan shi da rake ta fizge, ta gan shi da aya ko ƙashin miya ta karɓe, ta hana shi hawa ko da turmi. Har faɗa mun yi na ce za ta sangarta mini ɗa. Yanzu da nake rubuta wannan, duk abubuwan nan dawo mini suke ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne da sabuwar fassara.

Da ya isa shiga firamare aka haɗa yaran gidan su mijina za a yi musu kaciya lokacin hutu, kamar yadda suka saba. Inna ta aiko a ɗaga, aka ce sa'o'insa duk za a yi wa, ba za a ware shi ba. Aka yi da safe, sauran yara kafin azahar sun fara rigimar abinci, shi kuwa Abba jini yana ta tsattsafowa. Wanzamin ya barbaɗa garin maganinsa, ya sake ɗaurewa, jinin ya tsaya kaɗan ya dawo. Mutumin nan ba sabon hannu ba ne, na ga yadda fuskarsa ta canza, da bakinsa ya ce mu tafi asibiti. A nan Dutsin-Ma aka yi ɗinki aka ƙara masa jinin babansa, ɗinkin ma ya ci gaba da yoyo, aka tura mu Katsina. Leɓen yarona ya yi fari, ina kiran sunansa yana buɗe ido da ƙyar. Wallahi na riga na sallama, Allah ne kawai ya dawo mini da shi.

Bayan gwaje-gwaje, har da wanda sai da aka aika jinin Kano, wata likita ta zaunar da mu ta ce sunan ciwon himofiliya. Ta yi mana bayani yadda ko ni na gane. Ta ce a cikin jini akwai sinadarai da yawa masu sa shi daskarewa, galibinsu hanta ce take yin su, suna nan suna yawo kamar masu barci har sai an ji rauni. Idan an yanke, na farko ya tashi ya tada na gaba, na gaba ya tada na gaba, kamar 'yan gayyar gini da suka yi layi suna miƙa wa juna curin ƙasa har ya kai bakin katanga. Akwai kuma wasu sinadaran da aikinsu su ce ya isa haka, don kada jinin ya daskare a cikin jijiya ya toshe hanya. Lafiya ita ce ɓangarorin biyu su yi daidai. Shi Abba wanda ake kira fakta takwas ne ya yi masa ƙaranci ƙwarai, sai layin ya yanke a tsakiya, masu cewa ya isa kuma suna nan da ƙarfinsu. Maganin shi ne a yi masa allurar fakta ɗin ta jijiya idan ya ji ciwo ko gaɓa ta kumbura, kuma ba ya daɗewa a jiki, sai an maimaita. Ta gargaɗe mu cewa wani lokaci jiki yakan ɗauki allurar a matsayin baƙo ya fara yaƙar ta, don haka sai ana dubawa. Ta ce akwai sababbin magunguna, wani yana yin aikin fakta takwas ɗin, wani kuma yana rage ƙarfin masu cewa ya isa don a samu daidaito, amma samunsu a wajenmu sai a hankali. Ta hana mu asfirin, ta hana allurar ɗuwawu, ta hana duk wani abu na aska.

Sai ta zo kan abin da ya hana ni sukuni har yau. Ta ce ciwon ta wajen uwa yake bi, mace tana ɗauke da shi ba ta sani ba, ko ta riƙa zubar da jini da yawa a al'ada da haihuwa, amma maza ne yake kayarwa. Ta tambaye ni ko a 'yan uwana maza ko kawunnaina na wajen uwa akwai wanda jini ya taɓa ƙi tsaya masa. Na ce ban sani ba, na juya na kalli Inna, don tana zaune a ɗakin. Inna ta kalli ƙasa ta ce babu. Likitar ta ce ba mamaki, yakan faro haka kawai a gidan da ba a taɓa gani ba. Na riƙe wannan maganar da hannu biyu, don ina so ta zama gaskiya. Amma a ranar farko da muka isa asibitin, tun kafin kowa ya ambaci sunan ciwon, da kunnena na ji Inna tana roƙon wata nas kada ta yi masa allura a tsoka, wai wurin zai kumbura ya ƙi sauka. A ina ta san haka?

Yanzu Abba yana nan da sauƙi, yana zuwa makaranta, ƙwallo ce dai sai kallo. Allurar idan an samu a asibiti mukan karɓo mu ajiye a firjin wani maƙwabcinmu mai sola, don wutarmu ba abin dogaro ba ce. Muna cikin wannan lallaɓawa sai na je Kurfi ranar kasuwa, wata mata da ta san mu ta tare ni tana yi mini jaje, wai ta ji ɗana sikila ne, wai daga dangin babansa ya kwaso. Na ce wa ya faɗa mata, ta ce ai Inna ce da kanta ta faɗa a gidan biki. Inna tana wurin aka yi bayani, ta ji an ce ba sikila ba ce, ta ji an ce ta wajen uwa yake zuwa. Wannan ba mantuwa ba ce, juya magana ce.

Daga kasuwar ban koma gida ba, na wuce wajen Goggo, yayar marigayi babanmu, wadda da ma ba sa ga maciji da Inna, na san idan akwai abin faɗa ba za ta rage ba. Na tambaye ta me ya kashe yayyena. Ta ce, “Ke ɗiyar nan, mi ya kawo wagga magana yanzu? Na farin dai beli aka cire mishi ran suna, bai kai ga arba'in ba. Na biyun ya yi wayo, jaki ya kada shi, ko ƙwarzane babu, ciki ya yi ta kumbura. Sauran ki tahi ki tambayi uwarki.” Ta ƙara da cewa ƙanin Inna ma a wajen kaciya ya tafi tun suna yara. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa gidanmu da gidan tsohon wanzamin Tamawa ba a gaisawa, mu kuwa an ce mana rikicin gona ne. Na san Goggo tana iya ƙara gishiri don ta ɓata Inna, wannan ma na saka shi a lissafi. Amma tsumman gwiwar nan da suka koɗe, gwiwar wa suka fara hawa?

To ga inda matsalar take. Ƙanwata Bilki tana aure a Kurfi, cikinta na fari ya shiga watan haihuwa, sikanin ya nuna namiji. Mijinta ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, mutumin kirki, amma gidansu gidan wanzamai ne, mahaifinsa har yau yana yawo da zabira. A gidan, jika namiji kakan ne da hannunsa yake yi masa aski ya cire beli ranar suna, abin alfaharinsu ne, har ya fara faɗa wa mutane ya wasa askar jikansa. Kuma kun san wanzami, babu gidan da ba ya shiga, abin da ya sani da safe kafin la'asar ya zaga gari, ba don mugunta ba, sana'ar ce ta hira. Ga Auta an yi mata baiko da wani yaro a Karofi, ana maganar sa rana bayan an kwashe amfanin gona.

Na samu Bilki na faɗa mata komai, ta tsorata, na ja ta muka je Katsina da sunan awo aka auna fakta ɗinta. Sakamako ya fito daidai. Bilki ta yi hamdala, Inna da ta ji ta ce to ai ga shi nan, sai in bar mutane su huta. Amma likitar ta ce mana a gaban Bilki kada mu yi saurin murna, wai jikin mace idan tana da ciki da kansa yake ƙara yawan fakta takwas don shirin haihuwa, har tsoro da gudu da zazzaɓi ma suna ɗaga shi, saboda haka wadda take ɗauke da ciwon tana iya fitowa daidai a wannan lokacin, bayan ta haihu kuma ya sauka, a nan ne ita ma jini zai iya ɓalle mata. Ta ce abin da ya dace Bilki ta haihu a babban asibiti, a ɗebi jinin cibiyar jaririn a auna, kafin sakamako ya fito kada ƙarfe ya taɓa shi. Idan har Bilki tana ɗauke da shi, yaron rabi da rabi ne, yana iya tsira yana iya kamuwa. Bilki rabin farko na maganar kawai ta ɗauka. Ta ce ita an auna ta an ce lafiya, kada in shiga tsakaninta da mijinta, kuma na san bakin Inna ne a bakinta.

Yanzu haka Inna ta ɗauke ta zuwa Tamawa goyon ciki, a can za ta haihu a hannun ungozoma, wai al'ada ce haihuwar fari a gida. Ni lokacin tawa haihuwar farin Inna ba ta matsa haka ba. Zargina shi ne so take yaron ya faɗo a ɗakinta inda babu mai ɗibar jini balle a rubuta suna, ranar suna kuma ta sake durƙusawa ta kawo labarin tsamiya. Labarin da bai yi aiki a gidan malamai ba, shi ne zai yi aiki a kan wanzami da jikansa? Ga hanyar nan kun san halin rashin tsaron da ake ciki, yamma ta yi ba kowane direba ne zai yarda ya ɗauko ka ba, ko da jini yana zuba.

Na shirya na je Tamawa na same ta da hantsi tana sheƙar wake a tsakar gida. Na durƙusa na ce Inna ki dubi Allah ki faɗa mini gaskiya, na faɗa mata abin da Goggo ta ce. Ba ta daina sheƙa ba. Ta ce Allah ya ba ta, Allah ya karɓa, zazzaɓi ne, kuma tun tana amarya Goggo take neman ta da sharri. Na ce to ki bari in faɗa wa mijin Bilki, ko don a kai ta asibiti. Nan ta ajiye faifan ta dube ni, ta ce, “Ke an aure ki lahiya lau, kin haihu, kin zamna ɗakinki. Yanzu ne za ki sa a riƙa nuna ɗiyana da baki ana cewa masu kashe maza? Wa za ya ɗauki Auta? Wa za ya ɗauki naki ɗiyan mata in sun girma? In kika buɗe baki, ban yahe miki nonon da kika sha ba.” Tunda nake da Inna ba ta taɓa faɗa mini irin wannan ba. Kuma maganar 'ya'yana mata ta soke ni, don ni ma na sha kwana da wannan tunanin.

Na dawo na faɗa wa mijina. Ya ce a addini rai yana gaba da sirri, kuma babu biyayya ga iyaye a abin da zai halaka wani, amma maganar gidanmu ce, daga bakina ya kamata ta fito, idan na yanke zai raka ni. Shi ma na lura tun da ya ji batun sikilar da aka jingina wa danginsa, gaisuwarsa da Inna ta koma ta dole. Wani lokacin ina ce wa kaina wataƙila na zalunce ta, wataƙila ita da gaske ta yarda da labarin tsamiya, ba ta haɗa mutuwar 'ya'yanta da ciwon Abba ba, tsohuwa ce da ba ta yi makaranta ba. Ina so in yarda da haka ƙwarai.

Sai dai kafin in bar Tamawa ranar, na shiga ɗaki in yi wa Bilki sallama, na tarar tana jera kayan jariri a akwati tana nuna mini. Riguna, huluna, tawul, man shafawa. A can ƙasa na ga wasu 'yan matasai guda biyu ƙanana, da auduga a ciki da igiyar ɗaurewa, sababbi fil, an yanke su daga atamfar da na saya wa Inna da sallar bana. Na ce wannan fa? Bilki ta yi dariya ta ce Inna ce ta ɗinka, wai saboda sumunti idan ya fara rarrafe. Gidan Bilki ko ina leda ce da kafet.

Jama'a, matar da ta ce mini babu komai ta riga ta ɗinka wa yaron tsumman gwiwa. Haihuwa ko yau ko gobe, daga ranar kuma mako guda ne aska ta shiga bakinsa. In je in faɗa wa mijin Bilki da mahaifinsa, in ɗauki fushin uwata, wataƙila in rusa auren Auta, in kuma sa wa 'ya'yana tambarin da zai bi su? Ko in yi shiru in dogara da rabin da likita ta ce yana iya tsira? Akwai hanyar da zan hana askar nan in sa a kai Bilki asibiti ba tare da na tona gidanmu ba? Masu ilimin addini ku faɗa mini matsayin furucin Inna a kaina, ma'aikatan lafiya da duk wanda yake da irin wannan ciwon a gidansa ku faɗa mini yadda kuka yi da dangi. Ni dai na ga leɓen ɗana ya yi fari sau ɗaya, shi kuma da shekarunsa da jinin da zai iya zubarwa. Wannan ko sunansa ba a raɗa ba tukuna.